SAWUN CUTA CIKIN JIJIYA: ABIN DA AWO KE NUNAWA GA MASU ƘWAYAR SIDA

Jawabin kwamitin lafiya na ƙungiyarmu a babban taron bayan kaka. Mun buga shi nan saboda ƴan uwa da ke ci-rani, waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.



Mai gari, ranka shi daɗe. Liman da malamai, Allah shi gafarta maku. Iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu na gida, da waɗanda sunka taso daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, muna gaishe ku, muna yi maku barka da kaka.

Mu da ke tsaye gabanku ɗiyanku ne. Ku kunka sa mu lakwal muna ƙanana, har Allah ya sa munka zama ma'aikatan likita. Mun san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba za shi hango shi ba. Amma abin da munka gani wurin aiki amana ce, in munka yi shiru da shi mun cuce ku. Don haka muna roƙon gafara tun yanzu, za mu ambaci cutar da ba a son ambato gaban manya, wato Sida.

Ba mu zo maganar yadda ake ɗaukarta ba, wagga an yi ta a rediyo har kowa ya haddace. Mun zo ne kan wani gefe da ba a cika faɗi ba: ɓarnar da ƙwayar cutar ke yi ma jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, da alamomin da likita ke biɗa cikin jini da jiki don shi gane ɓarnar tun ba ta yi nisa ba.

ABIN DA YA SA MUNKA ZAƁI WAGGA MAGANA

Za mu ba ku labarin wani magidanci da munka yi jinya. Ba ɗan garin nan ba ne, ba ɗan yankinmu ba ne ma, kada kowa shi fara lissafi.

Ya yi shekaru shina aiki kurmi. Can anka gane shina da ƙwayar, anka sa shi bisa magani, ya samu lafiya, ya yi ƙiba. Da ya komo gida noma maganin ya ƙare. Ya ji kunyar zuwa likitan kusa kada wani shi gan shi, sai ya yi shiru. Ya ce ai shi lafiyarshi lau.

Bayan wani lokaci tafin ƙafafunshi ya fara zafi, kamar mai taka rairayi da tsakar rana cikin bazara. Da dare ba shi barci, ko zane ya taɓa ƙafar sai shi yi ƙara. Ƴan uwa sunka ce ya taka sammu. Anka kira wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Anka saida rago, anka saida awaki biyu. Daga baya mutumin da ke riƙe lissafin kasuwa da ka ya koma ba shi tuna inda ya aje takalminshi. Magana ta yi mashi nauyi, tafiya ta zama ta ja-da-ƙafa. Anka ce iskoki ne. Sai da ya daina gane matarshi sannan anka ɗora shi bisa amalanke anka kawo shi.

Bai mutu ba. An maida shi bisa magani, hankalinshi ya komo sannu sannu, yau shina ciyar da iyalinshi. Amma ƙafafun sun mutu har yanzu, ƙaya na shiga bai sani ba. Da an kawo shi tun ranar da tafin ƙafa ya fara zafi, da dabbobinshi na nan, da ƙafafun ma wataƙila suna nan. Rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa munka tsaya gabanku yau.

JIJIYA IRI BIYU CE

Da Hausa kalma guda muke da ita, jijiya. Amma cikin jiki akwai jijiyar jini, wadda ake soka ma allura, akwai kuma jijiyar saƙo. Maganarmu ta yau bisa jijiyar saƙo take.

Ita jijiyar saƙo fara ce, siririya. Tana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ta bi lakar da ke cikin ƙashin baya, ta rarrabu ko'ina cikin jiki. Ita ke kai labari sama cewa ka taka wuta, ita ke komo da umurni cewa ka ɗauke ƙafa. Wadda ta fi kowace tsawo ita ce mai tashi daga ƙugu ta kai yatsun ƙafa, tana kai mita guda ga babban mutum. Abu mai tsawo da siranta shi ke fara tsinkewa. Don haka ciwon jijiya yawanci daga yatsun ƙafa shike farawa, kuma dogayen mutane sun fi gajeru kamuwa da shi.

YADDA ƘWAYAR KE ƁATA TA

An fara ba da labarin cutar Sida a Amurka a 1981. A 1983 masu bincike na Cibiyar Pasteur da ke Pari, ƙasar Faransa, sunka gano ƙwayar da ke kawo ta. Nan Nijar an ba da sanarwar mutum na farko a 1987. Tun waɗancan shekaru likitoci sun lura cewa masu cutar da yawa na kukan ƙafa, wasu kuma hankalinsu na gushewa kafin su rasu.

Abin da anka fahimta shi ne, ƙwayar ba ta cin jijiya kai tsaye. Tana shiga cikin sojojin jiki ne, wato fararen ƙwayoyin jini masu kare mu daga cuta. Su ke ɗauke da ita su kai ta ƙwaƙwalwa, tun cikin makonnin farko da mutum ya kamu. In ta zauna can, sai faɗa shi kaure tsakaninta da masu tsaron wurin. Dafin da ke fita daga wanga faɗa shi ke ƙona jijiya. Kamar a yi yaƙi cikin gonarka ne: ba da gero ake faɗa ba, amma gero ke shan taku.

Hanya ta biyu, in sojojin jiki sunka ƙare, wasu cututtuka da da can ba su iya komi sai su samu ƙofa su haye ƙwaƙwalwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikinsu akwai wani irin sanƙarau mai zuwa sannu da ciwon kai na makonni, akwai tarin fuka da ke hawa kai, akwai wata ƙwaya mai yin ƙurji cikin ƙwaƙwalwa ta kawo farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki.

Hanya ta uku, wani tsohon magani. A shekarun farko na rabon magani cikin Afirka an yi amfani ƙwarai da wani mai suna istabudin, likitoci na rubuta shi d4T. Ya ceci rayuka masu yawa don shina da araha, amma shina cin jijiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a janye shi sannu sannu tun 2010. Maganin da ake ba mafi yawan mutane yanzu ƙwaya guda ce a yini, mai ɗauke da dolutegirabir, wanda OMS ta sa gaba ga kowa a 2019. Shi ba shi da wanga aibi. Muna faɗin haka don kada wani shi ji labarin tsohon magani shi gudu daga sabo.

ABIN DA MUTANEN GIDA KE IYA GANI

Ga ƙafa: zafi ko raɗaɗi a tafin ƙafa, jin kamar ana soka allura, ko kamar kiyashi na yawo, ko jin kamar an sa safa alhali ba a sa ba. Ƙafafu biyu ne tare, ba guda ba. Shina tsananta da dare. Shina hawa sannu daga yatsu zuwa idon sawu, zuwa ƙwauri. Takalmi shi zame daga ƙafa mutum bai ji ba.

Ga kai: mantuwa da ba ta dace da shekarun mutum ba, jinkiri wajen tunani da amsa magana, kasa lissafin da ya saba yi, hannu shi yi nauyi wajen ɗinki ko ƙirga kuɗi, tuntuɓe ba dalili, mutum shi daina damuwa da gona da ɗiya da zumunci.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su gida: ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, ƙagewar wuya, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, ruɗewa farat ɗaya, shanyewar hannu ko ƙafa. Waɗanga, ko da tsakar dare ne, a nemi mota.

SAWUN DA LIKITA KE BI

Iyayenmu makiyaya da maharba sun san aikin sawu. Ba ka ga ɓarawon ba, amma ka duba ƙasa ka ce mutum biyu ne, jiya da dare sunka wuce, gabas sunka nufa. Likita ma haka shike yi. Ba shi iya buɗe kan mutum shi duba jijiya. Sai shi biɗi sawun da cuta ta bari cikin jini, ko cikin ruwan jiki, ko bisa fata. Ga sawun da ake bi.

Na ɗaya, ƙidayar sojojin jiki, wadda ake rubutawa CD4. Ana ƙirga su cikin ɗan ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba. Mai lafiya na da tsakanin 500 da 1,500. In sunka sauka ƙasa da 200, cutar ta yi nisa, kuma nan ne haɗarin jijiya da ƙwaƙwalwa ke ƙaruwa. Ku riƙe wani abu: ba lambar yau kaɗai ke da amfani ba. Lamba mafi ƙanƙanta da mutum ya taɓa sauka gare ta tana barin tabo. Wanda ya taɓa faɗawa ƙasa sosai kafin shi fara magani ya fi zama cikin haɗarin mantuwa da ciwon ƙafa, ko da lambar ta hau daga baya. Dalili ke nan tun 2015 OMS ta ce a fara ba mutum magani da zarar an gane shina da ƙwayar, ba a jira sai ya kwanta ba.

Na biyu, awon yawan ƙwayar cikin jini, wanda ma'aikata ke kira sharj biral. Ana yin shi wata 6 bayan fara magani, a sake a wata 12, sannan sau guda kowace shekara. In magani na aiki, ƙwayar na raguwa har na'ura ta kasa ganinta. In anka samu sama da 1,000 cikin mililita guda, anka sake awo anka samu haka, to ko dai ba a shan maganin daidai, ko ƙwayar ta saba da shi, sai a sake wani. Jinin da ƙwaya ta kwanta cikinshi shi ne babbar garkuwar jijiya.

Na uku, awon hannu, wanda ba shi bukatar lantarki. Majo na da ƴar gudumar roba da shike buga ma agara, shi ga ko ƙafa za ta zabura. Akwai wani ƙarfe mai baki biyu, a buga shi shina rawa, a ɗora bisa babban yatsan ƙafa a tambaye ka ko kana ji, kuma har yaushe. In agara ba ta amsa ba, yatsa bai ji rawar ƙarfe ba, jijiya ta fara taɓuwa ko da mai ita bai ji zafi ba tukuna. Don kai kuma akwai wata ƴar jarrabawa da anka gwada a Amurka da Yuganda, anka buga ta a 2005. A faɗa maka kalmomi huɗu ka riƙe, a sa ka kaɗa yatsu da sauri, a sa ka juya hannu iri uku bi da bi, sannan a ce ka maimaita kalmomin. Minti kaɗan take ci. Ba wulaƙanci ba ne in anka yi ma dattijo ita, awo ne kamar awon zafin jiki.

Na huɗu, ruwan laka. Ƙwaƙwalwa da laka cikin wani ruwa suke kwance, fari tas kamar ruwan sama. Ana ɗibar kaɗan da allura a ƙasan baya. Mu mutanen Nijar mun san wanga awo tun annobar sanƙarau ta 1995 da ta 2015. Mun kuma san tsoron da ake yi mashi, ana cewa shi ke kashe mutum ko shi gurgunta shi. Ku saurara da kyau. Ruwan da ke jikin babban mutum wajen mililita 150 ne, kuma jiki na ƙera wajen mililita 500 kowace rana shina sabunta shi. Abin da likita ke ɗiba bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, cikin awoyi kaɗan ya komo. Allurar kuma ƙasa take shiga da inda laka ta ƙare. Abin da ya ɓata ma wanga awo suna shi ne, sai mutum ya kai gargara ake kawo shi, in ya cika sai a ce allura ce. Cikin ruwan nan ake gane irin sanƙarau da ya kama mutum, don kowane iri da maganinshi. Cikinshi kuma ake gane wasu ƴan kaɗan da ƙwayar ta kwanta cikin jininsu amma tana motsi cikin kai.

Na biyar shi ne sabon sawu, kuma shi muke so ku fahimta sosai. Sunanshi nurofilaman.

Ku ɗauki igiyar guga. Da zare-zare anka tufka ta. In ta fara cinyewa, kafin ta tsinke, za ka ga ɓurɓushinta na yawo bisa ruwan da ka jawo. Mai hankali in ya ga haka ya san igiya na gaya mashi wani abu. To cikin kowace jijiyar saƙo akwai wasu zarurruka da ke riƙe ta, su ne nurofilaman. In jijiya na lafiya suna cikinta, kaɗan ke fita. In tana lalacewa sai su zube cikin ruwan laka, daga nan kaɗan su tsallaka cikin jini. Yawan ɓurɓushin shi ke nuna yawan ɓarnar da ke gudana a lokacin.

Likitocin jami'ar Gotenbag a ƙasar Suwidin sun daɗe suna bin wanga sawu ga masu ƙwayar Sida. Ga abin da sunka gano. Masu gushewar hankali saboda cutar su ke da nurofilaman mafi yawa cikin ruwan laka. Waɗanda sojojin jikinsu sunka yi ƙasa sosai kuma ba su shan magani, da yawansu na da shi sama da ƙa'ida alhali ba su kukan komi. Ke nan ɓarna na gudana a ɓoye. A 2007 sun nuna cewa shina iya hawa shekara ɗaya ko biyu kafin hankali shi fara gushewa. A wagga shekara kuma sun nuna cewa in anka fara magani shina sauka. Kafin nan, a 2005, sun ga ya hau ga wasu da sunka dakatar da magani, su ma ba tare da sun ji komi a jikinsu ba.

Ƴan uwa masu tafiya ci-rani, wanga zance naku ne. Mai cewa ya bar magani wata uku kuma lafiyarshi lau, igiyarshi na iya zama tana cinyewa cikin rijiya, shi bai gani ba.

Da farko sai an ɗebi ruwan laka ake auna shi, don abin da ke cikin jini kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi 1 cikin 50 na wanda ke cikin ruwan laka. Daga baya anka ƙera na'ura mai ganin abu ɗan mitsitsi. A 2016 likitocin nan sunka nuna cewa awon jini na tafiya daidai da awon ruwan laka ga masu ƙwayar. Wanga babban ci gaba ne, don jini ya fi sauƙin ɗiba.

Amma mu faɗa maku iyakarshi. Ɓurɓushin igiya na nuna tana cinyewa, ba shi faɗin ko bakin rijiya ke cin ta, ko rana, ko gara. Nurofilaman na hawa ga wanda ya yi haɗarin babur ya bugu a kai, da wanda ɓarin jikinshi ya shanye, da mai ciwon ƙoda. Shina ƙaruwa da tsufa ga kowa. Kuma shina nuna ɓarnar da ake yi yanzu ne, ba tabon da ya daɗe ba. Har wa yau awo ne na masu bincike da manyan gidajen likita, ba a sa shi cikin awon yau da kullum na masu ƙwayar ba. Kada wani shi karɓi kuɗinku shi ce za shi yi maku shi a bayan kasuwa. Amfanin da muke ci daga gare shi yau shi ne darasin da ya koya ma likitocin duniya: magani da wuri, kuma ba yankewa.

Akwai wasu sawu biyu da za mu ambata a gurguje. Ɗaya sunanshi neyopterin, shina nuna zafin faɗan da ake yi cikin kai, kamar hayaƙi ke nuna wuta. Ɗayan kuma, a yanki ƴar fata mai faɗin milimita 3 sama da idon sawu, a ƙirga ƙananan jijiyoyin da ke cikinta da madubin likita. In sun yi ƙaranci, an tabbatar da ciwon.

BA KOWANE ZAFIN ƘAFA NE SIDA BA

Nan muna roƙonku ku buɗe kunne. Kada a tashi daga taron nan, gobe a ji tsoho na kukan tafin ƙafa a fara nuna shi da baki. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin manyan mutane 1,000 a Nijar, wajen 4 ke ɗauke da ƙwayar. Masu ciwon ƙafa sun fi haka nesa ba kusa ba.

Ciwon sukari na cin jijiyar ƙafa, kuma shina yawaita cikinmu, musamman mazauna birni. Giya na cin ta. Ƙarancin abinci mai gina jiki na cin ta, musamman rashin bitamin B12 da ake samu cikin nama, ƙwai da nono. Kuturta na kashe ji. Tunjere in ya daɗe shina hawa laka da kai. Ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, izoniyazid, shina sa zafin ƙafa, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Wanda ke shan maganin tari ya ji ƙafa ta fara, kada shi bar magani, shi je shi faɗa ma majo.

Shi kuma mai ƙwayar Sida, in ciwon sukari ko giya ko yunwa sunka haɗu da ita, nauyi biyu ke bisa igiya guda. Don haka likita na ƙwarai ba shi tsayawa ga awo guda.

ABIN DA KE GYARUWA DA WANDA BA SHI GYARUWA

A Amurka an duba mutum sama da 1,500 masu ƙwayar, yawancinsu bisa magani, anka buga sakamakon a 2010. Fiye da rabi na da alamar taɓuwar jijiyar ƙafa, ko da yake ba duka ke jin zafi ba. Wajen rabi sun nuna rauni cikin jarrabawar tunani, yawanci mai sauƙi. Waɗanda abin ya kai ga gushewar hankali sosai kamar 2 ne cikin 100. Kafin a samu haɗin magani mai ƙarfi a 1996, gushewar hankali abu ne da likitoci ke gani kullum ga masu Sida. Ke nan magani ya kashe babbar wutar, saura garwashi da ake sa ma ido.

Jijiyar ƙafa na iya tsirowa, amma sannu, kamar milimita guda a yini in komi ya yi daidai. Ta ƙwaƙwalwa in ta mutu ba ta komowa, sai dai waɗanda sunka rage su ɗauki aikinta. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

Maganin zafin ƙafa akwai, amma ba mu ɓoye maku ba, wani shina samun sauƙi, wani kaɗan shike samu. Likita ke zaɓa, shi gwada, shi sake. Abin da muke hana ku da babbar murya shi ne tramol na masu talla. Shina danne zafi na ɗan lokaci, shi kama mutum shi zama bawanshi, in an sha da yawa shi kawo farfaɗiya. Haka tsaga da ƙaho da ɗora wuta bisa ƙafar da ba ta ji: miki ne ake buɗewa wanda mai shi ba za shi ji ba sai ya ruɓe.

Mai mutuwar ƙafa shi riƙa duba tafinshi kowane maraice, ko shi sa a duba mashi. Kada shi shiga gona ba takalmi. Shi zazzage takalmin kafin shi sa. Shi taɓa ruwan wanka da hannu kafin shi zuba ma ƙafa. Lokacin ɗari kada shi miƙa ƙafa kusa da wuta.

ABIN DA MUKE ROƘO

Na farko, ga masu shirin tafiya, ko Abijan, ko Legas, ko Kwatano, ko Libiya, ko wuraren zinariya na arewa. Kowa shi yi awo kafin shi tashi, shi sake in ya komo. Awon sirri ne tsakaninka da ma'aikaci. Mu ma da ke gabanku, doka da rantsuwar aiki sun hana mu faɗa ma kowa, ko da mahaifinka ne.

Na biyu, ga wanda ke bisa magani. Maganin kyauta ne a likitar gwamnati. Kafin ka tafi ka je ka gaya ma majo, ka roƙi na watanni, ka karɓi takardar da za ka nuna inda za ka. Ka riƙe karnenka kamar yadda kake riƙe katin ɗan ƙasa, don cikinshi lambobin awonka suke. Azumi ba shi hana sha, tunda sau guda ne a yini, ana iya maida shi dare da shawarar likita. In kunya ta hana ka karɓa kusa da gida, ka karɓa wani gari, amma ka karɓa.

Na uku, ga iyaye da matan gida. Ku ke fara ganin canji. In ɗanku ya komo daga tafiya shina mantuwa, ko ba shi barci don ƙafa, kada ku fara da saida dabba. Ba mu hana addu'a ba, mu ma muna yi. A yi addu'a, a kama hanyar likita ranar nan. Kada a ɗaure mutum a ɗaka a ce iskoki, alhali ciwo ne mai magani.

Na huɗu, ga mazaje. Wanda ya san halin da shike ciki shi kai iyalinshi awo. Mace mai ciki in tana shan magani, da izinin Allah ɗanta na fitowa lafiya. Wanda kuma ƙwayar ta kwanta cikin jininshi har na'ura ba ta ganinta, ba shi sa ma matarshi.

Na biyar, ga ƙungiya. Abin da ya fi hana mutanenmu zuwa awo kuɗin mota ne. Muna ba da shawara a ware wani abu cikin asusu don kai marar lafiya likita, kowace irin cuta ce, ba tare da an tambaye shi me ke damunshi ba. In anka ce kuɗin masu Sida ne, ba wanda za shi zo karɓa. Yawan abin da kowa za shi zuba, mun bar ma taro. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Na ƙarshe, ga mu duka, harshe. Magidancin da munka ba ku labari ba rashin magani ya kashe mashi ƙafa ba, tsoron bakin mutane ne. Wanda ya yi da wani a majalisa har ya sa shi ya bar magani, shina da kaso cikin abin da ya same shi.

Za mu zauna ɗakin ƙungiya gobe daga safe har azahar, da gudumar roba da abin awon sukari da na hawan jini. Kowa na iya zuwa, babba da yaro, mace da namiji, don kada a ce wane ya je don kaza. Mai gari ya ce shi za shi fara miƙa ƙafarshi, mun gode mashi.

In mun yi kuskure cikin magana ko mun taka wani, a gafarta mamu, ƙuruciya ce. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi kai matafiyanmu lafiya shi maido su lafiya, shi maimaita mamu kaka mai albarka.



Kwamitin lafiya na ƙungiya